Makullin Shagonka Yana Hannun Wa?

Jawabin da kwamitin kasuwancin intanet ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Shugaban taro, iyayen ƙungiya, shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa da suka taso daga Umdurman da Bur Sudan da Gadarif, da waɗanda suka zo daga Injamena, Maiduguri, Kano da Maraɗi, da masu saurarenmu ta waya daga Alƙahira da Jidda, barkanmu da ganin wannan rana. Kafin mu shiga magana, muna yi wa juna ta'aziyyar 'yan ƙungiya da muka rasa tun daga ranar 15 ga Afrilu, 2023. Allah Ya jiƙansu da rahama. Waɗanda suka yi asarar shago da kaya a Kasuwar Libiya da Kasuwar Umdurman da Suk Arabi, Allah Ya mayar musu da mafi alheri.

Shugabanni sun ɗora wa kwamitinmu aiki guda ɗaya. Sun ce mambobi da yawa suna zuwa da tambaya iri ɗaya: samari masu aikin kwamfuta suna tallata musu wata waya da ake haya a intanet, wadda suke kira wayar gajimare, suna cewa da ita mutum zai riƙe asusun talla biyar ko goma a Google ba tare da an rufe masa ko ɗaya ba. Shin a shiga ko kada a shiga? Mun bincika, mun kuma gwada da kuɗinmu, har mun ƙone hannu. Abin da muka gano ne za mu faɗa muku yau, daɗinsa da ɗacinsa.

Bari mu fara da abin da kowa a nan ya sani. Hanyar da muke bi ba mu muka share ta ba. Kakanninmu sun bi ta da ƙafa da jaki za su aikin Hajji, wasu suka yada zango a bakin Nilu ba su koma ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sannar. Daga Kano zuwa Maiduguri, Gamboru, Kusuri, Injamena, Abashe, Adare, Jinaina, har Al-Ubayyid da Umdurman, goro ya yi gabas, turaren wuta da humra da lafaya sun yo yamma. Agashen da ake ci da yamma a unguwannin Hartum ma shaida ce cewa mun daɗe a nan. A duk tsawon wannan hanya, abu ɗaya ne ya riƙe fatauci: fatake sun san wanda suka ba ajiyar kaya, mai masauki ya san kayan wane ne a wane ɗaki, dillali ya san la'adarsa. Ku riƙe wannan a zuci, domin a kansa za mu auna wayar gajimare.

To mene ne tallan da ake magana? Idan wani mai sayen riɗi a Turkiyya ko mai neman zoɓo a Meziko ya rubuta abin da yake nema a Google, sakamakon farko da yake gani sau da yawa talla ne. Masu kaya ne suka zaɓi kalmomin da suke so a nuna tallansu a kai, kowa ya faɗi iyakar abin da zai iya biya. Duk lokacin da aka yi bincike, na'ura tana yin gwanjo cikin ƙiftawar ido, ta duba tayin kowa da ingancin tallansa da shafin da tallan ke kaiwa, sannan ta jera su. Ba a cajin mai talla don an ga tallansa, sai an latsa. Kamar yaron da ke tsaye a bakin layin kasuwa ne yana jawo maka mutane, kana biyansa a kan kowane mutum da ya kawo ƙofar shago, ko ya saya ko ya yi ciniki ya wuce. Google ya fara wannan sana'a a shekarar 2000 da sunan AdWords, a 2018 ya mayar da sunan Google Ads.

Me ya sa ɗan kasuwar Umdurman zai buƙaci asusu fiye da ɗaya? Ba son zuciya ne ya fara kawo wannan ba, tilas ce. Amurka ta sa Sudan cikin jerin ƙasashen da take zargi da taimaka wa ta'addanci a 1993, ta ƙaƙaba mata takunkumin ciniki a 1997. An yi wa ƙaro sassauci, don kamfanonin lemo da alewa na duniya ba su iya rabuwa da shi, kuma Sudan ta fi kowace ƙasa samar da shi. Shekaru da dama sunan Sudan na cikin ƙasashen da Google ba ya buɗe wa asusun talla, katin bankinmu kuma ba ya aiki a waje. Sai kowa ya nemi dabara: wannan ya buɗe da adireshin ƙaninsa na Dubai, wancan da katin surukinsa na Kano. An janye takunkumin ciniki a watan Oktoba na 2017, aka cire Sudan daga wancan jerin a Disamban 2020, ƙofofi suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Amma kafin mu gama gyara takardu, a Fabrairun 2021 aka karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, sannan yaƙi ya zo ya warwatsa mu. A Najeriya ma an yi tsawon lokaci bankuna sun hana biyan kuɗin waje da katin naira. Haka muka wayi gari mutum ɗaya yana da asusun da aka buɗe da sunan wani, ana biya da katin wani, lambar wayar da ke kai kuma ta wani ce ta uku. Wannan rikitaccen gado shi ne masu wayar gajimare suke cewa za su warware mana.

Ita wayar gajimare ba ta da jikin da za ka riƙe. Manhajar Android ce da ke gudana a cikin manyan kwamfutocin wani kamfani a wata ƙasa, kai kuma kana leƙa fuskarta ta wayarka ko kwamfutarka, kana latsa ta daga nesa, kana biyan haya duk wata. Ana iya ba kowace ɗaya lambobin shaida nata, a kuma bi da ita ta wata hanyar intanet yadda za a ga kamar daga Landan ko Dubai take shiga. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya zai iya buɗe goma a gabansa, kowace tana nuna kamar wani mutum ne daban a wani gari daban. Abin da ake sayar mana ke nan: a ɓoye wa kamfanin talla cewa asusun nan duka hannu ɗaya ne ke juya su.

Yanzu ga abin da ya same mu. Mu shida ne a cikin wannan ƙungiya muka haɗa kuɗi muka ɗauki wani yaro mai ƙoƙari, ya kama mana wayoyin haya shida, kowa da asusunsa. Akwai mai riɗi, akwai mai zoɓo, akwai hajiya mai turaren wuta da dilka, akwai mai haɗa man shafawa. Da yake katin mutum ɗaya ne kawai a cikinmu ke aiki a waje, sai muka ce a riƙa biyan duka da shi, mu kuma mu tura masa nasa ta Bankak. Wata biyu abu yana tafiya. Sai mai man shafawa ya sa a rubuta a tallansa cewa mansa yana warkar da wata cuta ta fata, aka dakatar da asusunsa. Maimakon mu tsaya mu gyara, sai muka ce wa yaron ya kama sabuwar waya ya buɗe masa wani. Ba a yi mako ba aka rufe sabon, aka bi sauran biyar aka rufe. Mai riɗi yana tsakiyar magana da masu saye a lokacin kaka, tallansa ya ɗauke. Laifin ba na kowa ba ne sai namu. Mun canja wa asusun riga, amma kati ɗaya ne, kuma shafin da sabon tallan ke kaiwa shi ne na jiya. Wanda ya ɓoye fuska ya bar muryarsa, ai bai ɓuya ba.

Bayan haka muka zauna muka karanta ƙa'idojin, abin da ya kamata mu yi tun farko. Ga abin da ke ciki a taƙaice. Mallakar asusu fiye da ɗaya ba laifi ba ne, in kowane yana da dalilinsa na gaskiya. Abin da aka hana shi ne buɗe sabon asusu don kauce wa dakatarwar da aka yi maka, da ba da bayanan ƙarya game da kai ko kasuwancinka, da amfani da asusu da yawa don tallanka ya mamaye gurbi fiye da rabonsa a bincike ɗaya. Hukuncin kauce wa tsari yana cikin mafi tsanani: ana rufewa ba gargaɗi, ana kuma iya haɗawa da duk asusun da aka ga yana da alaƙa da shi. Tun daga 2020 kuma Google ya faɗaɗa tantance masu talla, yana neman katin shaida ko takardar rajistar kamfani. Wayar haya tana iya sauya lambar na'ura da ƙasar da ake ganin ka shigo, amma ba ta sauya fasfo, ba ta sauya katin banki, ba ta sauya lambar da ka rubuta a talla don masu saye su kira ka.

Akwai haɗari na biyu da samarin ba sa faɗa. Duk abin da ka rubuta a wayar haya, har da kalmar sirri da saƙonnin abokan ciniki, yana zaune ne a kwamfutar wani kamfani da ba ka san ofishinsa ba, ba ka san dokar ƙasar da yake ba. Ran da ya rufe, ko hayarka ta ƙare katinka ya ƙi biya, wayar na iya shafewa da duk abin da ke ciki. In kuma yaron da ya kama maka ita da adireshin imel ɗinsa ya yi rajista, to shagon naka ne a baki, makulli yana aljihunsa. Wane ne a cikinmu zai ajiye buhu ɗari na ƙaro a sito bai san mai siton ba, bai karɓi takarda ba?

Kada a ce mun zo kushe abin ne kawai. Akwai inda muka ga amfaninsa da idonmu. Da yaƙi ya ɓarke, wayoyi da yawa sun salwanta, wasu a gida, wasu a shingen hanya. Wanda kasuwancinsa duka ke cikin wayar aljihu, ranar da aka karɓe ta ya rasa lambobin abokan ciniki na shekara da shekaru. Wanda nasa ke cikin wayar haya kuwa, da ya isa Bur Sudan ko Adare ya ari waya ya shiga, ya tarar da komai yadda ya bari. Haka nan 'yan'uwa uku masu shago ɗaya, ɗaya a Umdurman, ɗaya a Alƙahira, ɗaya a Kano, suna iya duba waya ɗaya su amsa masu saye bi da bi. Wannan amfani ne na gaskiya, kuma babu wanda ake yaudara a cikinsa.

Sai dai shi ma yana da iyaka. Wayar haya hoto take turo maka kowane lokaci, don haka tana cin data, tana kuma buƙatar sabis mai ƙarfi. Mu kuwa mun san halin sabis ɗinmu. An rufe intanet fiye da wata guda daga 3 ga Yuni, 2019. An sake rufewa makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. A Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mutane suka koma bin layi a wurin masu Starlink suna biyan kuɗin awa don su tura saƙo ko su buɗe Bankak. A irin wannan rana tallanka yana can yana ta cin kuɗi, masu saye suna latsawa suna aiko da saƙo, kai ba ka da hanyar amsawa, ba ka da hanyar tsayar da shi. Sannan lambar tabbatarwa da ake turowa ta gajeren saƙo tana zuwa ne kan layin gaske. In layinka na Sudan ba ya aiki, ko ya daɗe a rufe har an ba wani, wayar gajimare ba za ta cece ka ba.

To mece ce hanya? Hanyar tana nan tun da daɗewa, kyauta ce kuma. Google da kansa yana da abin da ake kira asusun manaja. Mutum ɗaya ko kwamiti yana buɗe shi, sai ya aika wa kowane mai asusu da takardar neman izini, shi kuma ya amince. Daga nan manaja yana ganin duk asusun a allo ɗaya, yana gyara talla, yana duba abin da aka kashe, ba tare da ya san kalmar sirrin kowa ba. Mai asusu yana nan a matsayin mai shi, ran da ya ga dama ya yanke alaƙar. Ana kuma iya ba mutum izini daidai aikinsa: wani ya duba kawai, wani ya gyara talla, wani ya kula da biyan kuɗi. Wannan shi ne tsarin mai masauki da muka gada. Gida ɗaya, kowane baƙo da ɗakinsa da makullinsa, kowa ya san kowa, ba a ɓoye wa hukumar kasuwa komai. Kamfanonin talla na duniya da ke riƙe da asusun mutane ɗaruruwa da shi suke aiki.

Kafin kowa ya sa kuɗi, ya yi lissafi irin na kasuwa. Ga misali, kuma misali ne kawai, don farashin latsawa yana bambanta da ƙasa da irin kaya. Ka ce dala 5 za ka riƙa kashewa a rana. Ƙa'idar ita ce a rana ɗaya ana iya kashe har ninki biyu, wato dala 10, amma a wata ba za a wuce kuɗin rana sau 30.4 ba, wato dala 152. In kowace latsawa ta ci santi 20, ka sami mutum 760 a ƙofar shago. In ɗaya cikin ɗari ya saya, ka sami mutum bakwai, kowane ya tsaya maka a kan dala 21 da ɗoriya. Ga mai sayar da kwantenar riɗi ko zoɓo, wannan ba komai ba ne, mai saye ɗaya ya biya na shekara. Ga hajiyar da ke sayar da kwalbar humra ɗaya-ɗaya kuwa, asara ce a fili. Masu sayen humra da lafaya a Kano da Maiduguri ba a Google suke nema ba, a WhatsApp da Facebook da TikTok suke gani, ko a bakin ƙawa ranar biki. Don haka ba kowa ne a zauren nan yake buƙatar wannan talla ba, balle asusu goma.

Wanda lissafinsa ya fita, ya kula da abu biyu ranar buɗewa. Kuɗin ƙasar da ka zaɓa a asusu ba ya canjuwa daga baya, don haka ka zaɓi wanda katinka zai iya biya da shi shekara da shekaru. Ka kuma lura da agogo: Hartum tana gaban Kano da awa ɗaya, mai sayen da kake nema kuma wataƙila yana barci lokacin da tallanka ke gudana.

Ga shawarwarin da kwamiti ke gabatar wa taro don amincewa.

Na farko, kowane mamba ya buɗe asusunsa da sunansa na gaskiya ko na kamfaninsa, da imel ɗin da shi ya mallaka. Wanda ya gaji asusu da sunan wani daga zamanin takunkumi ya zo mu taimaka masa ya daidaita shi tun ba a nemi takardu ba.

Na biyu, a daina haɗa asusun mutane daban-daban a kan kati ɗaya. Mun san wannan shi ne mafi wuya, amma shi ne igiyar da ta ja mu shida cikin rijiya ɗaya.

Na uku, ƙungiya ta buɗe asusun manaja ɗaya a ƙarƙashin mutum biyu amintattu da ke zaune a ƙasashe biyu, yadda in sabis ya ɗauke a nan, na can zai iya tsayar da tallan mamba cikin minti kaɗan. Shiga ganin dama ne. Duk wanda aka samu da tallan ƙarya, musamman na magani, a cire shi don kada ya shafa wa sauran.

Na huɗu, wanda aka dakatar da asusunsa kada ya buɗe sabo. Ya gyara abin da aka ce ya saɓa, ya cike takardar ɗaukaka ƙara, ya faɗi gaskiya, ya yi haƙuri.

Na biyar, wayar haya a yi amfani da ita don adana shago da raba aiki tsakanin abokan tarayya, ɗaya ga kowane shago, da sunan mai shagon. Lambobin abokan ciniki a riƙa kwafe su a wani wuri duk wata. Duk yaron da za a ɗauka aiki a yi yarjejeniya da shi a rubuce gaban shaidu, a biya shi haƙƙinsa yadda ya kamata, don yaran nan namu ne kuma ilminsu muna buƙatarsa.

Na shida, shi ne ya fi taɓa mu. Akwai ɗan'uwa a cikin waɗanda muka yi wa addu'a ɗazu da ya rasu ya bar kasuwanci mai kyau a cikin waya. Iyalinsa sun san akwai masu bin sa, akwai waɗanda yake bi, amma babu wanda ya san kalmar sirri, layinsa kuma ya tafi tare da wayar. Har yau marayunsa ba su kai ga haƙƙinsu ba. Google yana ba da lambobin ajiya guda goma da ake shiga da su in waya ta ɓata. Kowa ya fitar da nasa, ya rubuta a takarda tare da jerin asusunsa, ya rufe a ambulan, ya ba wanda ya yarda da shi a gidansa, ya kuma sanar da ma'ajin ƙungiya sunan wanda ke riƙe da ita. Wannan ɓangare ne na wasiyya a zamanin da muke ciki.

'Yan'uwa, tun daga watan Maris na 2025 mutane suka fara komawa Hartum, ana share shaguna, ana sa sababbin ƙofofi. Da yawanmu za mu fara ne daga ƙasa, da ɗan jarin da ya rage. Jarin nan bai kai a yi caca da shi ba. Abin da ya sa Balarabe a Umdurman ya ba Bahaushe kaya bashi ya tafi da su har Kano ba takarda, shi ne suna. Sunan nan ne muke so mu shiga intanet da shi, a fili, kowa da nasa.

'Yan kwamiti za su zauna a bayan zaure bayan an ci abinci. Duk mai asusun da yake so a duba masa ya zo da wayarsa, kada ya faɗa wa kowa kalmar sirrinsa, har mu. Iyayenmu mata da suka ce a yi musu bayani daban, mun ware musu gobe da hantsi.

 Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya buɗe hanya daga Adare har Umdurman, Ya sa albarka a kasuwa, Ya maimaita mana na baɗi.